Gudummawar Kawu Maidaji

Surayya tana tsakiyar matakalar fita daga tashar metro, jirgin ƙarƙashin ƙasa, wayarta ta yi ƙara. Ta tsaya cak tana dubawa, har wani ɗan Sin mai jan ƙaton buhu ya kusa yin gaba da ita. Ta ba shi hanya, ta raɓe jikin bango, ta sake karanta saƙon tun daga farko, ko idonta ne yake yi mata gizo.

Ba gizo ba ne. Kamfanin da yake saka tallace-tallace a shafinta na intanet ne ya rubuto, cikin irin Turancinsu mai ladabi wanda ba ya hana su yanka mutum. An dakatar da talla a shafin. Laifi uku suka ɗora mata: ta rubuta kalmomi kusa da talla masu zuga mutane su danna, ta matse talla jikin maɓallin da ake bi a je shafi na gaba, sannan an ga dannawa marar kan gado wadda ba ta yi kama da ta masu neman kaya ba. Sun ba ta damar ɗaukaka ƙara sau ɗaya. Idan ba su gamsu ba, za su rufe asusunta, kuma ba za su sake buɗe wani da sunanta ba.

Shafin nan, Zangon Fatake, shi ne abu na farko da ta gina da hannunta tun da ta gama karatu ta zauna a Guangzhou. Da Hausa take rubuta shi: wane bene ake samun leshi, ina ake cin abincin halal, yadda ake hawa metro ba a ɓata ba, abin da za ka nuna wa direban tasi idan za ka filin jirgin Baiyun. Ɗan Kano da bai taɓa fita ko Zariya ba yakan sauka da shafin a wayarsa, ya yi sayayyarsa ya koma ba a yi masa wayo ba. Ba ta karɓar ko sisi a hannun kowa. Tallan nan shi yake riƙe shafin, in ya tafi sai dai ta rufe, ko ta fara cajin mutanenta, ita kuwa gara mata rufewar.

Ta bi ayarin masu sayayya zuwa titin Guangyuan, ta shige ɗaya daga cikin manyan gine-ginen tufafi, ta haye can sama ofishin ƙawarta Wasilatu mai aika kaya Ghana. A nan take aron tebur idan tana da aiki a kasuwa. Wasilatu 'yar zangon Kumasi ce, Hausarta ba ruwanta da mace ko namiji, kowa "ka" ne a wajenta. Tana zaune a kan wani kwali tana liƙa masa salatif ta ɗago.

"Sista, yaya fuskanka haka? Wa ya mutu?"

"Ba a mutu ba tukuna, amma ana jinya," in ji Surayya. Ta buɗe kwamfuta ta fassara mata saƙon.

Laifi na biyu bai ba ta wahala ba. Ta ja tallan ta yi nesa da shi daga maɓallin, ta bar fili a tsakaninsu wanda ko mai yatsa kamar taɓarya ba zai kuskure ba. Na farkon ne ya sa ta riƙe haɓa. A saman tallan, da manyan baƙaƙe, har da kibiya mai nuni ƙasa, ta rubuta tun ranar farko: "Jama'a, ga baƙinmu nan, a leƙa musu don Allah. Allah ya saka da alheri."

Ita fa ba da wata manufa ta yi ba. A Kantin Kwari na Kano ta tashi, a shagon mahaifinta, inda in maƙwabci ya ajiye kayansa a rumfarka ba ka barin su a zube kamar marayu, sai ka kira musu masu saye. Mutum ya kawo hajarsa shafinta, ta yi shiru kamar ba ta gan shi ba? Wannan ai rashin tarbiyya ne. Sai ga shi dokar kamfanin ta ce shirun ake so. Kalma ɗaya suka yarda da ita a saman talla, wadda za ta shaida wa mai karatu cewa talla ne, ba roƙo, ba kibiya, ba kirari.

"Goge mana," in ji Wasilatu. "Kowa ya ci ladan kuturu ai shi yi masa aski."

Surayya ta goge kibiyar, ta goge roƙon. Da ta zo kan "Allah ya saka da alheri" sai hannunta ya ƙi. Ta yanke shi ta kai can ƙasan shafin, nesa da kowane talla, ta mayar da shi godiya ga masu karatu. A saman tallan ta rubuta "Talla" kawai. Ta kalle shi, ya yi mata kama da baƙon da aka shimfiɗa wa tabarma ba a kawo masa ruwa ba.

"Saura na uku," ta ce. "Ni ban taɓa dannawa ba, don an hana mai shafi danna tallan shafinsa. Mijina Abdulrasheed ma na gargaɗe shi tun ran farko, shi da ko lokacin kallon waya ba ya samu a wajen lodin kaya. To wa yake zama yana ta dannawa haka?"

Wasilatu ta sunkuyar da kai kan kwalinta. Kafaɗunta suka fara rawa. Can dariyar ta ƙwace mata har salatif ya faɗi.

"An ce kada a gaya maka. Amma tunda magana ya kai haka, zo ka ji."

Ta buɗe zauren WeChat na fatake da masu aika kaya, wanda Surayya ba ta ciki, ta kunna wani saƙon murya. Tun daga gyaran murya Surayya ta gane mai ita.

"Salamu alaikum jama'ar Guangzhou. Maidaji ne na Kwari. Kun san 'yarmu Surayya tana yi mana hidima kyauta, ba dare ba rana. To na samu labari, duk wanda ya danna hoton nan na cikin shafinta, ana ba ta wani ɗan abu. Ban ce ku ciro daga aljihunku ba, yatsa kawai nake nema. Safe da yamma, bayan an idar da salla. Wanda ya ci amfanin shafin nan ya hana ta yatsansa, shi da Allah. Kuma kada wanda ya gaya mata, gudummawar ɓoye ta fi lada."

Surayya ta dafe kai. Kawu Maidaji yayan mahaifiyarta ne, shi ya riƙo hannunta ya kawo ta ƙasar nan karatu lokacin da dangi suke cewa mace ba ta zuwa Sin. Yakan zo sari a kai a kai, kuma duk shekarun nan Sinancinsa bai wuce gaisuwa da godiya da "lawban", wato maigida, da "meyo", wato babu, ba. Ta tuna ranar da ya tambaye ta wa yake biyan ta wahalar shafin, ta yi masa bayani a gurguje tana zuba masa miya. Ashe kunnensa ya riƙe rabi ya zubar da rabi.

"Yana ina yanzu?"

"Bene na biyu, wajen masu kayan ɗinki. Yana neman keken surfaninshi har yanzu."

Kowa a kasuwar ya san labarin keken. A wani bidiyo Kawu ya ga wani keken surfani mai kai biyu, ya ƙudurta sai ya kai wa telolinsa na Kano irinsa kafin Salla. Tun da ya sauka yake yawo da hoton, duk shagon da ya nuna sai a kaɗa masa hannu a ce meyo.

Ta same shi a wani shagon zare, babbar riga ta sha guga, carbi a wuyan hannu. Ya miƙa wa mai shagon, wata dattijuwa mai tabarau, wayarsa, yana nuna mata allon da haɓa.

"Lawban, danna. Danna nan. Yawwa! Kira yarinyar can ita ma ta sa nata."

Matar ta danna tana murmushin wanda ya saba, ta kira mai taya ta aiki ita ma ta danna. Nan Surayya ta gane sauran zancen. Kawu ya ɗauka kamfanin yatsu yake ƙirgawa. Shi ya sa duk shagon da ya shiga, kafin a fara ciniki, sai an ba shi aron yatsa, kuma duk a kan wayarsa guda ɗaya. Dariya ta taso mata, tsoro ya danne ta. Ba a gyara wa babba magana a gaban mutane, ko da mutanen ba sa jin Hausa. Ta rusuna ta gaishe shi.

"Kawu, an wuni lafiya? Ya kasuwa?"

Ya yi wuf ya cusa wayar a aljihu kamar yaron da aka kama da hannu a tukunya.

"A'a, Surayya! Lafiya lau. Hoton keken nan nake nuna musu."

"Allah ya sa a dace. Kawu, na san ba ka ci komai ba. Zo mu je wajen masu taliya."

Suka tsallaka wani ɗan gidan abincin Musulmin Sin, inda mai farar hula yake ja da kwaɓin fulawa har ya zama taliya a gaban idonka. Kawu ya ture tsinken cin abinci gefe kamar kullum, ya nemi cokali mai yatsu. Ta bar shi ya ci rabi, don ba a yi wa mai yunwa shari'a.

"Kawu, shawara na zo nema, ta kasuwa."

Ya gyara zama. Babu abin da yake so a duniya kamar a nemi shawararsa.

"A ce ka yi yarjejeniya da wani dillali a Kwari. Duk mutumin da ya kawo maka shago, ko ya saya ko bai saya ba, za ka ba shi la'ada."

"Ni Maidaji? Ba na irin wannan ciniki."

"A ce dai ka yi. Sai dillalin ya riƙa kwaso 'yan gidansu, da maƙwabta, da masu wucewa, su shigo su taɓa shadda su fita. Ba mai niyyar saye ko yadi ɗaya. Da yamma ya zo ya miƙo hannu."

"Ɓarawo ke nan!" Kawu ya buga tebur har romo ya fantsama. "Ɓarawon zaune! Wa ya yi miki haka? Faɗa mini sunansa."

"Ba ni aka yi wa ba, Kawu. Masu talla a shafina aka yi wa. Duk dannawa ɗaya, daga aljihun mai tallan ake cira. Shi kuma ɗan kasuwa ne irinka, yana biya ne don a kawo masa mai saye na gaskiya."

Cokalin ya tsaya a hanya. Kawu ya dube ta, ya dubi aljihunsa inda wayar take, ya ajiye cokalin a hankali.

"Ba kamfanin Turawan ne yake bayarwa ba? Waɗanda dukiya ta yi musu yawa?"

"Su dillalai ne kawai, kamar ni. Kuma sun gano. Sun dakatar da ni yau da safe. In aka ci gaba, za su kore ni gaba ɗaya."

Surayya ba ta taɓa ganin fuskarsa ta faɗa haka ba, tausayinsa ya kama ta har ta yi da-na-sanin misalin da ta kawo.

"Wato," ya ce a hankali, "in idar da salla, in shafa addu'a, in juya in zari haƙƙin wani bawan Allah da carbina a hannu. Har da gayyato jama'a. Har da arnan kasuwa da ba su ji ba ba su gani ba." Ya girgiza kai. "Na zo in ɗaga ki, ashe ƙafarki nake ja."

"Kawu, ni na fara. Ni na rubuta a leƙa musu don Allah. Kai ka ga roƙo ne ka amsa, kuma ba wanda ya taɓa amsa mini roƙo da ƙarfi irin naka. Wallahi na ji daɗi, ko da yake ka kusa kashe ni."

Sai ya yi dariya, dariyar da ta taho da ɗan ruwa a ido. Ya goge da bakin rigarsa ya ce yajin Sinawan nan ba shi da mutunci. Ya ciro wayar, ya gyara murya, ya danna wajen ɗaukar magana.

"Salamu alaikum jama'ar Guangzhou. Maidaji ne dai. Maganar da na yi muku kwanaki, na janye ta. Rashin sani ya fi dare duhu. Ashe haƙƙin mutane muke ci. Kowa ya janye yatsansa, kowa ya yi istigfari. Ni kuwa, wallahi tallahi, yatsana ba zai sake taɓa hoton talla a shafin yarinyar nan ba har in koma ga Allah."

"Kawu, ba sai ka rantse ba!" Ta miƙa hannu, amma ya riga ya saki saƙon ya tafi. "Ai ba a hana dannawa ba. Wanda yake son kayan da gaske ya danna. Abin da ba a so shi ne a ce wa mutane su yi."

"Ke dai bar ni. Magana zarar bunu ce."

Kawu bai taɓa sanin tsaka-tsaki ba, ko a gishirin miya. Kafin la'asar ya zaga duk shagunan da ya ari yatsa, yana nuna wayar yana kaɗa hannu yana cewa meyo, meyo, masu shago suna gyaɗa kai ba tare da sun san me aka fara ba balle me aka bari. Ita kuma Surayya ta koma teburin Wasilatu ta rubuta ɗaukaka ƙararta. Ta faɗi abin da ta gyara, ta haɗa hotunan shafin kafin da bayan gyara. Da ta zo bayanin dannawar, ta rasa yadda ake cewa gudummawa da Turanci ba a mai da ita zamba ba. Ta rubuta gaskiya yadda take: wani dattijo cikin danginta ya nemi jama'a su taimake ta ba da saninta ba, ta gano, ta hana, ba za a sake ba. Ta yi bisimilla ta aika.

Kwanakin jira sun yi mata tsawo. Tana buɗe shafin ta ga farin fili a inda talla yake, sai ta yi maza ta rufe shi. Kawu kuwa kullum sai ya kira ya tambaya ko alƙalan sun zauna.

Ranar wata Juma'a da hantsi amsa ta zo. Sun duba, sun gamsu, an mayar da talla, tare da gargaɗin cewa ana sa ido. Surayya ta yi guɗa a ofishin Wasilatu har ɗan Sin na shagon kusa ya leƙo. Ba su gama murna ba sai ga Kawu ya faɗo, gumi ya jiƙa hularsa. Ya ɗoro wayar a tafin hannu, yatsunsa a baje nesa da allon, kamar mai ɗauke da kwanon miya mai zafi.

"Surayya, duba nan. Kada ki taɓa! Duba da ido."

Shafinta ne a buɗe. A ƙarƙashin kalmar "Talla", ga keken surfani mai kai biyu, sak wanda yake cikin bidiyon, da sunan masana'antar a gefe.

"Abin nema ya samu!" in ji Surayya. "Kawu, danna mana. Wannan ita ce dannawar halal, irinta ake nema. Kana son kayan da gaske."

"Na rantse."

"Ai a kan na ƙarya ka rantse."

"Ban ware ba. Jama'a duk sun ji. Danna mini ke."

"Ni mai shafi ce, an hana ni."

"Kawo in danna maka, Baba," in ji Wasilatu tana miƙo hannu. Kawu ya janye wayar har ya kusa tuntuɓe da kwali.

"Yatsan aro kuma? Ba shi ya kai mu gaban alƙali ba?"

Suka tsaya su uku suna kallon keken, ba mai iya taɓa shi. Wasilatu ta zame kan kwalinta tana dariya har da riƙe ciki. Surayya ta yi lallashi, ta kawo hujja, ta ce a tambayi malami bayan an sauko daga masallaci. Kawu ya ce malami ba shi ya yi rantsuwar ba. A ƙarshe ta kwafi sunan masana'antar, ta neme shi a taswira a kwamfutarta. Yana can kudu, wajen tashar jiragen ruwa ta Nansha, tafiyar da sai an canja jirgin metro an kuma hau bas.

"Shi ke nan," in ji Kawu yana gyara riga. "Da ƙafa kakanninmu suka yi fatauci. Ana idar da Juma'a zan kama hanya."

"Da wane Sinancin, Kawu? In ka je ka ce lawban, sai kuma me?"

Ya dai tsaya yana kallon ta ta gefen ido. Surayya ta rufe kwamfutar ta rataya jakarta. Mai saye na gaskiya, wanda ta tabbata da shi ɗari bisa ɗari, ga shi shafinta ya samo wa mai talla, kuma da ƙafarta za ta kai shi har ƙofa, kamfanin ba zai taɓa sani ba balle ya ba ta la'ada. Abin ya ba ta haushi kaɗan, ya ba ta dariya da yawa.

A bakin matakala Kawu ya tsaya. Ya kashe wayar gaba ɗaya, ya jira har allon ya yi baƙi, sannan ya sa ta a aljihu, kada cinyarsa ta danna.